Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu jingine zancen kuɗin makaranta da na ƙarancin ɗakunan kwana, waɗanda suka saba cika wannan shafi, mu ɗauko wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba mai son a ji ta daga bakinsa. Maganar kuwa ita ce ta fitsarin kwance a tsakanin samari da 'yan mata da magidanta, watau waɗanda suka daɗe da wuce shekarun da ake yi wa yaro uzuri. Mun san wani zai yi dariya da jin haka, wani ya ce mujallar ɗalibai ta rasa abin faɗi. To, muna roƙon mai dariya ya daure ya kai ƙarshen shafi, domin mai yiwuwa ne wanda abin ya shafa yana kwana a gadon da ke kusa da nasa, ko kuwa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Duk wanda ya fita birnin Sakkwato ta yamma ya san Kalambaina, garin siminti. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, yau kuwa yana ƙarƙashin BUA, kuma tun daga wancan lokaci yake jawo samari daga ƙauyuka masu neman aikin ƙarfi, waɗanda sau da yawa sukan haɗu su kama ɗaki guda. A cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Wamakko ne kuma mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na dindindin yake, da ɗakunan kwanan ɗalibanta, haka nan sansanin masu hidimar ƙasa, inda matasa ke kwana mako uku gado bisa gado. A ƙara da makarantun kwana na sakandare da tsangayun almajirai. Duk waɗannan wurare abu guda ya haɗa su: kwanan taro. Ga yawancinmu kwanan taro hira ce da raha. Ga mai wannan lalura kuwa kowane dare fargaba ce, kowace asuba kuma shari'a.

Kada wani ya ɗauka 'yan kaɗan ne. Ƙididdigar da likitoci suka yi a ƙasashe dabam-dabam ta nuna cewa cikin yara 100 masu shekara 5, kimanin 15 suna jiƙa shimfiɗa, kuma maza sun fi mata yawa. Kowace shekara kimanin kashi 15 cikin ɗari na waɗannan sukan daina da kansu. Amma akan sami ragowa. A shekara 15 da haihuwa akan tarar da mutum 1 ko 2 cikin 100, a cikin manya kuwa tsakanin mutum 1 cikin 200 da 1 cikin 100. In aka ɗora wannan lissafi a kan makarantar kwana mai ɗalibai 1,000, za a sami aƙalla 10 zuwa 20. In sansani ya tara matasa 2,000, nan ma kusan adadin ke nan. Daɗin daɗawa, wanda ya kai balaga da ciwon yawanci nasa ya fi tsanani, kuma jira ba ya cika kawar da shi. Saboda haka kalmar nan ta “zai daina in ya girma” tana da iyaka, kuma ga saurayi ɗan shekara 17 an riga an wuce iyakar.

Me muke yi wa irin waɗannan mutane? Tun suna yara akan laƙaba musu sunan amalala, a ɗora musu jiƙaƙƙiyar tabarma a kā, yara su bi su da waƙa da tafi. Wani gida a tsoratar da yaro da kwaɗo, wani a hana shi ruwa tun la'asar, wani kuwa bulala ce karin kumallonsa. In ya girma bai daina ba, sai a koma cewa aljanu ne, ko sammu, ko kuwa tsabar lalaci. A makarantun kwana manyan ɗalibai sukan mai da shi abin wasa, a wannan zamani na wayar hannu kuwa hoto guda ya isa ya bi mutum har ƙarshen karatunsa. Sakamakon a fili yake ga mai lura: yarinya mai ƙoƙari ta ƙi komawa makaranta bayan hutu ba tare da ta faɗi dalili ba, ɗalibi ya ƙi gadon jami'a ya tafi ya kama haya da kuɗin da ba shi da su, saurayi ya yi ta ɗaga ranar aure, amarya ta kwana zaune don tsoron barci. Ilmi da aure da mutunci ake asara, a kan ciwon da likita ya san kansa.

Bari mu duba yadda abin yake faruwa a jiki, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ƙoda tana tace jini dare da rana, abin da ta tace ya gangara mafitsara, wadda a babban mutum takan riƙe kusan rabin lita, kwatankwacin ledar ruwa guda. Da dare ƙwaƙwalwa takan ƙara sakin wani sinadari mai suna basofiresin, wanda aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta rage ruwan da take fitarwa, don mutum ya samu ya yi barci. A shekarun 1980 likitoci a ƙasar Denmak suka nuna cewa da yawa daga masu fitsarin kwance wannan sinadari ba ya ƙaruwa a jikinsu da dare, sai ƙoda ta yi ta aiki kamar rana, mafitsara ta cika tun dare bai raba ba. Wannan shi ne dalili na farko. Na biyu, akwai mafitsara mai gaggawa, wadda takan matse tun ba ta cika ba. Masu irinta ko da rana za ka ga suna yawan zagayawa. Na uku shi ne nauyin farkawa: mafitsara ta aika da saƙo, amma ƙwaƙwalwa ba ta tā da mai barci ba. Mutum yakan haɗa biyu daga cikin ukun, ko duka. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke ƙarƙashin ikonsa, balle a ce bulala za ta gyara.

Akwai kuma gado. Binciken da aka daɗe da yi ya nuna cewa in ɗaya daga cikin iyaye ya yi fama da abin yana yaro, kimanin kashi 44 cikin ɗari na 'ya'yansa sukan yi. In duka biyun ne, sai ya haura zuwa kashi 77. Ashe ke nan uban da ya ɗauko tsumagiya, da zai koma ya tambayi tsohuwarsa labarin yarintarsa, da wataƙila ya mai da ita inda ya ɗauko. Ciwon kuma tsoho ne, don wata takardar likitanci ta mutanen Misira, wadda aka rubuta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambace shi har ta kawo magungunansa.

Sai dai wajibi ne a rarrabe tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne wanda tun yarinta bai taɓa dainawa ba, wanda galibi dalilan da muka lissafa ne ke damunsa. Na biyu shi ne wanda ya daina, ya yi wata shida ko shekaru lafiya lau, sa'an nan abin ya dawo masa. Wannan na biyu shi ya fi tā da hankalin likita, domin a wurinsa jiƙa shimfiɗa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta. Cututtukan kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Sakkwato.

Ta farko ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, ta shiga fatar mai wanka ko mai su ko mai noman fadama, ƙwanta kuma ya maƙale a bangon mafitsara ya yi miki. Wanda ya tashi a bakin gulbin Rima da tafkunan da ke kewaye da shi ya san yadda yara ke wuni a ruwa lokacin bazara, ya kuma san cewa a wasu ƙauyuka ana ɗaukar jini a ƙarshen fitsari alamar yaro ya zama namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Mafitsara mai miki ba ta da haƙuri, in kuwa aka bar ta shekara da shekaru tana iya taurarewa, ƙoda ta taɓu, har a kai ga ciwon daji. Alhali maganinta, firazikwantel, a rana guda ake shansa.

Ta biyu ita ce sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ƙodar mai sikila ba ta iya tattara fitsari, don haka yakan yi shi da yawa dare da rana, kuma jiƙa shimfiɗa yakan daɗe bai bar shi ba. A nan muna yin gargaɗi da babbar murya: kada a kuskura a hana mai sikila ruwa da sunan magani, domin ƙishirwa ita ke tā da ciwonsa. Ta uku ita ce ciwon sukari. Matashin da ya soma jiƙa shimfiɗa kwatsam, ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama, a kai shi asibiti a ranar, domin irin sukarin da ke kama matasa ba ya jira, ɗigon jini guda kuwa ya isa a gane. Bayan waɗannan akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara, masu sa zafin fitsari, waɗanda jama'a ke haɗawa a ƙarƙashin sunan ciwon sanyi. Akwai taurin bayan gida, inda hanji ya cika ya danne mafitsara. Akwai minshari mai tsanani wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Akwai farfaɗiyar dare, wadda alamarta mutum ya farka da cizo a harshe da ciwon jiki. Akwai ciwon laka, mai zuwa da ciwon baya da mutuwar ƙafa. Tashin hankali ma, kamar rasuwa ko firgita, yana iya mai da wanda ya daina.

Ba za mu ɓoye wa 'yan'uwanmu ɗalibai nasu kason ba. Giya da ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, duk suna dulmuyar da mutum cikin barcin da ba ya jin kiran mafitsara. Shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙara kuzari, waɗanda ake dirka lokacin jarrabawa, suna ƙara fitsari su kuma tsokani mafitsara.

Mutum biyu kuma suna bukatar a ware su. Macen da ta sha doguwar naƙuda, bayan haihuwa fitsari ya riƙa zubo mata dare da rana ba tsayawa, wannan yoyon fitsari ne, aikin tiyata yake bukata, kuma ana yinsa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a nan Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Sai dattijon da fitsarinsa ya rage ƙarfi, yana fita da ƙyar, sa'an nan ya soma jiƙa shimfiɗa. Sau da yawa ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara ne, wanda likitoci ke kira furosteti, ya kumbura ya tare hanya, mafitsara ta cika har tana ambaliya. In aka yi sakaci ƙoda ce za ta biya. Wanda ke da irin wannan uba a gida, kada kunya ta sa ya zuba ido.

To, ina magani? Matakin farko shi ne zuwa asibiti da faɗin gaskiya, domin Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga Kalambaina zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai likitocin mafitsara da ƙoda, ko zuwa Asibitin Ƙwararru, tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan, kuma gwajin farko ƙaramin asibiti ma yana iya yinsa. Za a auna fitsari a duba sukari da jini da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsargiya, in ya kama a ɗauki hoton ciki. Zai taimaki likita ƙwarai in mutum ya zo da rubutaccen lissafi na kwana uku: abin da ya sha, lokacin da ya sha, sau nawa ya yi fitsari, da daren da ya jiƙa. In an sami cuta a ƙarƙashi, maganinta shi ne maganin shimfiɗa.

In ba a sami kome ba, sai a soma da gyaran al'ada. A sha ruwa sosai da safe da rana, musamman a zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a bazara, don kada ƙishirwa ta taru ta jira dare. A rage sha kamar awa biyu kafin kwanciya, a bar shayi da goro daga la'asar, a rage gishiri a abincin dare. A riƙa zagayawa a kan kari da rana, a kuma yi fitsari dab da hawa gado. A kula da bayan gida ta cin ganye da 'ya'yan itace. Tā da mutum tsakar dare yana iya tsare katifa, amma shi kaɗai ba ya warkarwa.

Bayan wannan akwai manyan hanyoyi biyu. Ta farko ƙararrawa ce, wadda wasu masana biyu a Amurka, Mowrer da matarsa, suka yi bayaninta a 1938. 'Yar na'ura ce da ake maƙalawa a wando, da zarar ta ji danshi sai ta yi ƙara, mutum ya farka ya je ya ƙarasa. A hankali ƙwaƙwalwa takan koyi jin kiran mafitsara. Tana bukatar haƙurin wata biyu zuwa uku, har a sami dare 14 a jere ba jiƙa, kuma kimanin biyu cikin uku na masu amfani da ita sukan daina, ko da yake wasu abin yakan dawo musu sai an maimaita. Aibinta shi ne ba ta da sirri a ɗakin taro, don haka lokacin dogon hutu ya fi dacewa da ita. Ta biyu ƙwaya ce mai suna desmofiresin, wadda ke yin aikin sinadarin nan da jiki ya gaza saki. Tana aiki da sauri, kuma ita ta dace da mai shiga sansani ko mai tafiya, amma in an daina sha ciwon yakan dawo ga mutane da yawa. Tana kuma da sharaɗi mai ƙarfi: daga awa guda kafin a sha har awa takwas bayan sha, ba a shan ruwa sai ɗan kurɓi, in ba haka ba gishirin jini ya faɗi, mutum ya kama jijjiga. Saboda wannan hatsari ne hukumar magunguna ta Amurka ta janye izinin ba masu fitsarin kwance irin wanda ake fesawa a hanci a 2007. Akwai kuma magungunan kwantar da mafitsara mai gaggawa, da wani tsohon magani, imifiramin, wanda in ya yi yawa yana taɓa zuciya har ya yi kisa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya halatta a saya a kemis a kan shawarar aboki.

Wani zai kawo zancen tsarki da salla. Malamanmu sun san cewa ba a rubuta wa mai barci laifi har ya farka, kuma littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan birnin nan sun yi wa wanda fitsari ke kuɓuce masa sauƙi a babin alwala. Abin da ke kan mai lalura shi ne ya wanke jikinsa da tufarsa. Addu'a kuma ba ta hana gwajin fitsari. Mu tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da littafi sukutum a kan basir. In mai wannan daraja bai ga ƙasƙanci ba a ɗaukar alƙalami don ciwon da ake jin nauyin ambata, mu 'yan makarantar birninsa ba mu da hujjar rufe baki.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta sa wannan bayani cikin jawaban da ake yi wa sababbin ɗalibai, ta kuma nemi masu kula da ɗakunan kwana su tanadi katifu masu rufin leda da za a bai wa mai bukata ba tare da tambaya ko shaida ba. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likita da na jinya su kai ziyarar wayar da kai Kalambaina da ƙauyukan bakin gulbi, su yi wa iyaye bayani da Hausa, su nuna musu inda ake gwaji. Muna kira ga matasan ma'aikata, musamman malaman makarantun kwana da jami'an Ma'aikatar Ilmi, su haramta tozarta ɗalibi a kan wannan, su hukunta mai yi, su miƙa yaron ga ma'aikacin lafiya cikin sirri. Gobe ku ne shugabannin makarantu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon malaman tsangaya su sauƙaƙa wa almajiransu, gidajen rediyo kuma su ba likitoci fili. Miji ko matar da suka tarar da haka a ɗakin aure, su rufa wa juna asiri su nufi asibiti tare, kafin magana ta kai gaban alƙali.

Kai kuwa ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, da ke karanta wannan shafi gabanka na faɗuwa don ka san da kai ake, ka sani kana da abokan lalura da yawa, ciwonka yana da suna, yana da dalili, kuma mafi yawan masu shi sukan sami sauƙi in sun nemi magani. Likita ya ji abin da ya fi naka, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. Ka soma lissafin kwana ukun nan daga daren yau, ran na huɗu ka ɗauki katinka ka tafi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu zama masu rufa asirin juna, amin.

Edita